Kalmasar Yaya

Yayata tela ce, kuma a layinmu babu mai shan zagi kamarta idan hutun ƙarshen shekara ya gabato. Lokacin ne samari da 'yan mata ke haɗa walimar nan tasu da kowa ke yin shigar wani: wannan ta zama nas, waccan ta zama mage har da jela, wani ƙato ya zama jariri. Kayan 'yan matan kuwa sai ka rantse rowar yadi aka yi musu. Shagon Yaya ɗaki ɗaya ne, da keke, da madubi mai tsaga a gefe, da labulen gwaji. Ni nake mata guga tun da aurena ya mutu, don haka komai a kan idona ake yi.

Yaya tana da wata ɗabi'a a ɗinki. Idan yarinya ta ɗora yatsa can saman gwiwa ta ce a nan take so siket ya tsaya, Yaya za ta ce to. Amma ba ta yanke ragowar yadin. Sai ta kalmashe shi ta ciki, ta bi shi da zare sama-sama, yadda da an ɗan tsokane shi da allura zai warware, siket ya sauko.

"Wata rana za ta so tsawon," take cewa. "In na yanke, ina zan samo mata?"

Wannan dabarar ba ta fisshe ta a wurin kowa ba. Iyaye mata su tsaya a bakin ƙofa suna cewa ita ke tsiraita musu 'ya'ya. Mai shagon magani na kusa da mu, wanda ko maɓalli bai iya sawa ba, kullum yana da lacca a kan tarbiyya. 'Yan matan kuma su ce kalmasarta ta yi kauri, wayo take musu. Wata ta taɓa ce mata, "Anti, jikina ne fa, ba naki ba." Yaya ta ce, "Na sani, 'yar nan. Juya in ga bayan." Ni raina ya ɓaci, amma Yaya ba ta iya faɗa ba. Idan an dame ta sai ta ƙara taka keke.

'Yarta ɗaya ce tak, Lele muke ce mata. Tana goye ubanta ya rasu, a ƙarƙashin teburin yanka ta yi rarrafe. Tun da ta shiga jami'a magana ta yi wuya tsakaninsu, Yaya ta koma lallaɓa ta kamar ƙwai. Babu abin da take tsoro a duniya irin ranar da Lele za ta daina zuwa gida hutu.

Bana Lele ta zo da shuɗin yadi, wai shigar ma'aikaciyar jirgin sama za ta yi. Ta ɗora yatsa inda take so. Yaya ta fara awo.

"Mama, kin yi wa 'ya'yan kowa. Kar ki ce min komai."

"Ai ban ce komai ba."

Ta ɗinka mata yadda ta ce, na goge, aka sa a leda. Da safiyar ranar walimar, mai magani ya ɗaga murya yana gaya wa wani cewa yanzu abin ya shigo gidan mai yi, sai a zuba ido. Yaya ta ji. Ta daɗe zaune ba ta taka keken ba. Can ta jawo ledar, ta sa allura ta warware kalmasar, siket ya sauko har ƙasan gwiwa. Ta miƙo min in goge shatin.

"Yaya, ki gaya mata mana."

"In ta sa ta ga ya yi mata kyau, shi ke nan."

Lele ta ɗauki ledar ba ta buɗe ba, ta tafi gidan ƙawarta su shirya. A can ta gani. Ba ta kira uwarta ba. Almakashin kicin ta samu ta datse siket ɗin da kanta, a karkace, ya haura inda ta nuna tun farko.

Washegari hotonta yana cikin wayar kowa. Matan layi suka ce ɗinkin uwarta ne, me ake jira. 'Yan mata suka ce wadda ta yaudari 'yarta ai ba a ba ta amanar yadi. Na fita na yi ta masifa har muryata ta dushe, ban san ma wa nake karewa ba. Tausayin su biyun ya hana ni cin abinci.

Lele ba ta dawo gida ba. Daga gidan ƙawar ta wuce makaranta, hutu bai ma ƙare ba. Yaya ta yi ta kira, waya tana ringi har ta katse. Bayan kwanaki ƙawar ta kawo ledar, da siket ɗin da guntun da aka yanke.

Yaya ta shimfiɗa su a kan teburi, tana gwada bakin wannan da na wancan. Zaren bakin yadin duk ya zazzare.

"Zai haɗu?" na tambaye ta.

Ta juya siket ɗin ta leƙa cikinsa, inda kullum take barin ragowa. Ta shafa wurin da yatsa.

"Ba ta bar min abin kamawa ba," ta ce.