Matar da Kogi Ya Koya wa Zane

A Doguwa, shekarun da ake ta raɗe-raɗin Turawa za su tafi, kakarmu Iya Hanne ba ta iya ba da tatsuniya a zaune wuri ɗaya. Da an idar da magariba za mu kewaye murhunta, ita kuwa ta tashi ta iza wuta, ta zauna, ta sake miƙewa. Haushi abin yake ba ni.

“Iya, ki zauna mana!”

“Ji min mijin banza, ko goro bai taɓa kawo min ba. To ga ta nan, mai kunne ya matso.”

Labarin Tambai ta fi so, matar da ke bin bakin kogi in ruwa ya janye, tana kallon layukan da ya bari a kan yashi. Sai ta dawo gida ta kwaɓa jar ƙasa da fara da gawayi, ta zana su a bangon ɗakinta. Ba tsuntsu ba ne, ba bishiya ba. Mata suka yi ta leƙowa suna dariya: wannan kuma mene ne? Kunya ta kama Tambai, ta yaɓe bangon, ta rantse ta daina.

“Amma fa hannu bai rantse ba,” in ji Iya. Ko tuwo Tambai ta kwashe sai ta ga yatsanta na jan layi a kansa. Barci ya ƙaurace mata, ta rame, har ranar da ta koma ta ɗebo ƙasarta. “Daren nan ta yi barci kamar jaririya. Ta ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa.”

Da na girma na zama mai zane irin na Tambai, launi da layi kawai, ina kwaikwayon ɓawon kuka da tsagar duwatsun Riruwai. Dariyar da aka yi mata ni ma na sha ta. Na watsar, na koma rubutu a jikin motoci a Tudun Wada shekara da shekaru, ina faɗa da kowa ba dalili. Matata ce ta gaji, ta ce, “Malam, ka koma ga zanenka tun yaran nan ba su fara gudunka ba.”

Na koma, ina ta jiran barcin Tambai. Shiru. Ashe wannan ƙarshen don mu yara Iya ta ƙara shi, Allah ya jiƙan ta. Har gobe hannun nan tun kafin asuba yake tashina. Na dai daina faɗa da shi, in ya miƙe sai in bi shi.