Gizagon da Gwaggo Ta Ƙi

Mu masassaƙa ne tun kaka da kakanni, a wani ƙauye da ke gefen Kwaya. Turmi, taɓarya, akushi, kujerar mata, duk mu ke fitar da su daga jikin itace. Lokacin da mahaifina ya rasu ina da shekara talatin da ƴan kai, da mata ɗaya, da bakin da ya fi hannuna aiki. Wannan na ƙarshen ba ni na faɗa ba, mutanen gari ne, amma yanzu da na tsufa na yarda da su.

A cikin burgamin kayan aikin da ya bari akwai gizago guda biyu. Tun ina ƙarami nake jin cewa ɗayansu na kakanmu ne, wanda ya yi sassaƙa tun Nasara ba su san hanyar Damagaram ba. Sai dai ban taɓa tambayar wanne ne ba. A lokacin gani nake tambaya tana rage wa namiji daraja.

Na zazzage burgamin na duba. Ɗaya ƙato ne, bakinsa da faɗi, ƙotarsa baƙa wuluk sai sheƙi take. Ɗayan kuwa ɗan tsurut, wasawa ta cinye ƙarfen saura kamar yatsu uku, bakin a karkace, ƙotar fara fat. Ko minti ɗaya ban ɓata ba. Kakan mutum irina ai ba zai riƙe ɗan guntun ƙarfe ba. Na ɗauki babban na rataye a zaure. Ƙaramin kuma maiɗakina ta ce in ba ta ta riƙa fasa kanwa, na ce ta ɗauka, tarkace ne.

Daga nan duk ranar kasuwar Magariya sai in saɓa babban a kafaɗa, ba don aiki ba, don a gani. Wanda ya tsaya taya turmi sai ya sha labari kafin ya tafi. Farko cewa nake ya shekara sittin. Kafin damina ta zagayo ya kai ɗari. Har wani gardi, ɗan sandan kumandan Nasara, ya taɓa tsayawa ya shafa ƙotar da girmamawa, ni kuwa na ƙara masa da cewa ba a taɓa shi sai da alwala.

Bayan an gama girbin gero sai ga Gwaggo a kan jaki. Ƙanwar mahaifina ce, tana aure wajen Dungas, ita kaɗai ta rage cikin ƴaƴan kakanmu. Ta ce ta shirya bin ayarin masu zuwa Makka a ƙasa. A wancan zamani tafiya ce ta shekaru, ana tafe ana yada zango ana noma, kuma da yawa ba sa dawowa. Shi ya sa take zagaya dangi tana ban kwana. Ran Talata ta iso, ayari kuma zai tashi daga garinmu bayan an sauko daga Juma'a.

Da ta sha fura ta huta sai ta ce, “Ɗan nan, ɗauko mini gizagon Baba in riƙe shi. Ba ni kama hanyar nan sai na sa shi a hannuna.”

Na shiga zaure na ɗauko, na goge shi da gefen riga, na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta jinjina, ta juya shi gaba da baya.

“Wannan kuma na wane ne?”

“Na Kaka mana, Gwaggo.”

“Kakan wa?”

Na ji raina ya ɓaci. Na ce mata duk kasuwar Magariya ta san wannan gizago. Ta ce ita ba ta san kasuwar Magariya ba, ubanta ta sani. Na ce ido ne ya fara yi mata nauyi. Ta ce idon nan ya ga ranar da aka haife ni, kuma tun ran nan nake ihu ba dalili. Maiɗakina tana bakin murhu, na ga kafaɗunta suna rawa, wai ita hayaƙi ne ya shaƙe ta.

Muka ɗunguma wurin tsohon maƙerin garinmu, sa'an mahaifina, don ya raba mu. Ni na kawo shawarar, saboda na tabbata zan dawo da Gwaggo tana ba ni haƙuri.

Tsohon ya karɓi gizagon. Ya buga ƙotar da ƙasa ya zare ƙarfen, ya jefar da ƙotar gefe kamar karan dawa.

Na ce, “Baba, a hankali! Dubi baƙinta, ai ita ce shaidar tsufan.”

Ya ce, “Man gyaɗa da hayaƙi. Ka ba ni sabuwar ƙota da damina uku in mayar maka da ita haka. Ƙota ba ta faɗin shekaru, yaro, kullum sauya ta ake. Ƙarfe ake tambaya.”

Ya ɗaura wa ƙarfen zare ya sagale, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan ƙusa. Ya yi ƙara siririya mai tsawo, har na ji daɗi, na dubi Gwaggo. Sai ya jawo wata tsohuwar fartanya ta ubansa daga ƙarƙashin buzu, ya ƙwanƙwasa. Ita ƙarar gajera ce, ta tsaya nan take. Ya ce wannan ita ce muryar ƙarfen dā, na tama, wanda ake haƙo dutsensa a narka a gida. Ya goga zarto a jikin kowanne ya ce in matso. A jikin fartanyar akwai layi-layi baƙaƙe kamar jijiyar itace, inda aka yi ta ninka ƙarfen ana duka, kashin maƙera bai gama fita ba. Tsatsa ma bin layin take yi tana ci. Nawa kuwa sumul yake fari tas, ba layi ko ɗaya.

Na ce wataƙila maƙerin kakana gwani ne ƙwarai.

Ya ce, “Gwani ne, tunda ga shi zaune gabanka.” Ya kankare wuyan ƙarfen, inda ƙota take rufewa, ya nuna mini da farce. Rabin wata lamba ce irin ta Nasara, guduma ba ta gama shafe ta ba. “Kakanka ya yi lakwal ne, makarantar Nasara? Ƙarfen ƙarƙashin kamyo ne, babbar motar kaya da ta mutu a hanyar Magariya. Ni na ƙera wa ubanka shi, shekarar da aka yi muku kaciya. Ka girme shi, ɗan nan. Shi ya kamata ya riƙa gaishe ka.”

Masu zaman maƙera suka kwashe da dariya, har mai zuga ya saki zugazugi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohon ya ƙara da cewa kakana bahago ne, don haka bakin gizagonsa gefe ɗaya ya fi cinyewa, in na ga ƙarfe mai layi-layi da baki a karkace, shi ne. Nan take na miƙe, don na san inda na tura shi.

Na koma gida da sauri na ce wa maiɗakina ta kawo ɗan guntun nan. Ta ce, “Wanne? Tarkacen?” Ta ja kalmar yadda na ji ta har cikin ƙashina. Wai ta ba maƙwabciyarmu aro tun kafin shuka, za ta fasa gishiri.

Kwana biyu na yi ina bin sawun gizagon nan. Maƙwabciya ta ce surukarta ta karɓa don tonon dankali. Surukar ta ce wata Bafulatana mai kawo musu nono ta gani ta ce a ba ta kwana ɗaya. Na bi ta har ruga, ta ce mijinta ya ɗauka zai gyara wa bijiminsa kofato. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk gidan da na shiga sun riga sun sha labarina a kasuwa. Kowa sai ya ce, “Kai da ke da na kaka mai shekara ɗari, me za ka yi da ɗan guntu?” Dole in tsaya in warware da bakina abin da na ƙulla da bakina. Matan ma sai su kira na cikin ɗaki su ce in maimaita, wai ba su ji da kyau ba. A raina kuwa tsoro ne ya fara shiga. Juma'a tana matsowa, kuma na san Gwaggo, in ta ce ba ta tafiya to ba ta tafiya, ayari ya wuce ya bar ta, shekarunta kuma ba na jiran wani ayarin ba ne.

Bafulatanin ya ce ya bai wa wani mai maganin gargajiya da ya yi wa saniyarsa magani, kuma in na yi sammako zan same shi a kasuwar Dantchiao. Ana gobe ayari zai tashi ke nan.

Ban sha wahalar gane shi ba. Ya baza saiwoyi da sassaƙe a kan tabarma, mutane sun kewaye shi, ya ɗaga ɗan gizagon sama yana cewa, “Da wannan kakana ya sassaƙo maganin da ya tada gurgu! Shekararsa ɗari da hamsin!” Na tsaya baki buɗe. Ni dai a ɗari na tsaya, shi ko kunya babu ya ƙara hamsin.

Na jira jama'a suka ragu, na tsuguna muka gaisa, na ce ya ba ni in gani. Ga layi-layin nan a jikin ƙarfen, ga baki a karkace. Na ce masa na kakana ne. Ya ce kakansa dai. Na ce Bafulatanin da ya ba shi yana nan da ransa, ko mu je? Ya yi tari, ya ce ai kakanni da yawa suke. Sai na kwance babban daga kafaɗata, da ma na mayar masa da ƙotarsa, na ajiye a kan tabarmarsa. Ya dubi faɗin bakin, ya shafa baƙar ƙotar, idonsa ya yi haske. Muka yi musaya. Ban kai bakin kasuwa ba na jiyo shi yana rantsuwa cewa wannan ma na kakansa ne, na wajen uwa.

Da la'asar na iso gida, ƙafafuna duk kaushi da ƙaya. Gwaggo tana zaune a gindin itacen bedi, ta ɗaure ƙunshinta ta ajiye a gefe. Na miƙa mata ba tare da wani jawabi ba.

Ba ta dubi bakin ba, ba ta dubi ƙotar ba. Babban yatsanta ta sa tana bin gefen ƙarfen, har ya tsaya a kan wani ɗan tudu kusa da wuya, inda aka taɓa yi masa ƙari a maƙera. Ni ban taɓa lura da shi ba.

Ta ce, “Shi ne. Ni na yi masa wannan.”

Ta ce tana ƴar shekara bakwai ta saci gizagon ta ɗora ƙwallon goruba a kan dutse za ta fasa. Ta kuskure, ƙarfen ya sami dutse, gefensa ya ɓalle. Ta mayar da shi cikin burgami ta yi shiru. Da Kaka ya gani bai tambayi kowa ba, ya kama mahaifina, tunda shi ne namiji mai taɓa kayan aiki. Ya zane shi da tsumagiya, ya kuma hana shi zuwa kallon kokawa har kaka ta wuce.

Na fara dariya. Na ce, “Haba Gwaggo! Don ƙwallon goruba na zagaye ƙasar nan da ƙafa?”

Sai na ga ba dariya take ba.

Ta ce, “Ya gan ni lokacin da na yi. Yana bayan rumbu. Ana dukansa yana kallona, bai tona ni ba. Muka girma, na yi aure, na haihu, na aurar. Duk zuwan da na yi gidan nan da niyyar in ce masa ya yafe mini nake zuwa, sai in ga abin ya yi ƙanƙanta, in ce sai wani zuwan. Ran da aka aiko ya rasu, abin da ya fara faɗo mini ke nan.” Ta share ido da bakin zane. “Na nemi gafarar kowa, har wadda muka yi faɗa a bakin rijiya. Saura shi. Kai ne magajinsa, kai ke zaune a zaurensa. Ka yafe mini a madadinsa.”

Tausayinta ya kama ni, kewar mahaifina kuma ta taso mini irin wadda ban ji ba ko ranar da muka binne shi. Da ƙyar na ce, “Na yafe, Gwaggo. Duniya da lahira.”

“Shi fa?”

“Shi ma ya yafe. Da bai yafe ba, da ya faɗa tun a bayan rumbun.”

Ta daɗe tana riƙe da ƙarfen a cinyarta. Sannan ta miƙo mini, ta ce wa maiɗakina ta zubo tuwo, yunwa take ji.

Washegari muka raka su har bayan gari. Tsohuwar da ta zo mana a kan jaki tana nishi, ita ce a gaban ayari da ƙunshi a ka, har wani dattijo yana ce mata ta rage sauri, Makka ba gudu za ta yi ba. Na tsaya ina kallo har itacen gawo ya kare su. Ban sake ganinta ba.