Wata Uwa a Rumfar Mai Mayuka

A kasuwar Kontagora wata mata tana tsaye, 'yarta ƙarama riƙe da gefen hijabinta. Mai rumfa yana miƙa mata kwalin man miƙar da gashi.

"Hajiya, wannan zai kwantar mata da gashi kamar na Indiyawa."

Ina tsaye a gefe ina jin su. A zamaninmu na makarantar mishan da matajin ƙarfe mai zafi ake miƙar da gashi, yayata Ladi ta tsufa da tabonsa a kunne.

Matar ta shafa goshinta, inda nake zaton nata gashin ya daɗe da zubewa, ta mayar da kwalin.

"Ba ni man kaɗanya, Malam. Gashinta lafiyarsa ƙalau, ba ya neman magani."

Na sauke ajiyar zuciya, kamar yarinyar jikata ce.