Kwalba Sittin da Uku a Gindin Zogale

Shekara tara ke nan Malama Ummakulsum tana koyar da aji biyu a wata firamare mai zaman kanta a Sabon Gari, ni kuma ina koyar da lissafi a ajin da ke jikin nata. 'Yar Fagge ce, mahaifinta tela, kuma a Faggen ta yi aure. Mijinta Abdulnasir ma'aikaci ne a tashar jirgin ƙasa. Ba ta da yawan magana. Shekara bakwai ta yi kafin ta samu Bilkisu, aka ba ta hutun wata uku, ranar da ya cika ta dawo. Makarantarmu ba a zuwa da goyo.

Ni na tsara mata komai, don ba na son abu ba tsari. Muka shiga kasuwar Sabon Gari muka sayo famfon tatsar nono na hannu, da kwalabe shida, da ƙananan kuloli biyu. Na rubuta mata lokuta a bayan littafin kiran suna: da an tashi tara, minti ashirin; da ƙarfe sha biyu, ni zan riƙe mata aji; sai kuma bayan an tashi. Kwalba uku a rana, kowace mililita casa'in. A sito take yi, tsakanin kwalayen alli, ta tokare ƙofa da benci. Ƙanƙara kuwa Chiamaka mai shagon lemo ke ajiye mata ƙulli biyu kullum. Abin da ta tatsa yau, shi surukarta Hajja za ta ba yarinya gobe.

Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Wata rana na leƙa, na same ta tana kallon bango, hannunta na matsa famfon. Na ce, "Da zafi?"

Ta ce, "Ban ma sani ba."

Bayan wata guda ta kai Bilkisu awo. Kilo biyar da gram ɗari takwas ta bar ta, kilo biyar da gram ɗari bakwai ta samu. Nas ta ce in wata mai zuwa haka ne, za a kwantar da ita. Ummakulsum ta faɗa mini kamar mai karanta sanarwa. Na ɗauki biro. Ranakun aiki ashirin da ɗaya, sau uku, kwalba sittin da uku, ban da shan safe da na yamma. Lissafin bai fita ba.

Ranar Talata na nemi izini, na hau adaidaita sahu zuwa Fagge ba tare da na gaya wa kowa ba. Na yi sallama, na durƙusa na gaida Hajja.

"Malama mai lissafi ce? Yau mu aka zo ƙirgawa?"

"Bilkisu na zo gani, Hajja."

Tana zaune a tsakar gida da ɗaya kular a gabanta. Ta buɗe kwalba, ta tsiyaya kaɗan a murfin kwano, ta kamo tururuwa a jikin bango ta saka. Tururuwar ta motsa sau biyu, ta tsaya.

"Kin gani ko? Kullum haka. Mu haka muka taso, nonon da tururuwa ba ta fita a cikinsa ba, ba a ba wa yaro. Wannan ya sha iska, ya kwana a waje."

"To me take sha?"

"Koko mai ruwa-ruwa. Da shi na raini ubanta, ga shi nan ƙato."

"Nonon fa?"

Ta nuna gindin zogale. "Ai ba a zubar da nonon mutum a kwata."

"Kin gaya wa Ummakulsum?"

"In ce wa 'yar mutane nononta ba kyau? Shekara bakwai tana jira. Wanke kwalaben nake in ba ta."

Na taɓa kwalbar, sanyi ƙalau. Na roƙi ruwan ɗumi a kwano, na tsoma ta minti biyar, na tsiyaya, na ce Hajja ta kamo wata. Wannan ta yi iyo, ta kama gefen murfin, ta fice. Hajja ta sake da ta biyu, da ta uku. Sai ta ɗauki jikarta, ta ba ta kwalbar. Bilkisu ta shanye casa'in ɗin tas.

Da na koma makaranta na samu Ummakulsum a sito. Na gaya mata duka, har da zogalen. Na zaci za ta yi kuka, ko ta tashi ta tafi gida. Hannunta bai daina matsawa ba.

Ta ce, "Shi ya sa ya yi ganye."

Can ta ce, "Kada ki gaya wa Abdulnasir. Mahaifiyarsa ce."

Har yau Hajja ba ta daina saka tururuwa ba, sai dai tana fara ɗumamawa. Ita da Ummakulsum ba su taɓa tayar da maganar ba. A awo na gaba Bilkisu ta hau kilo shida da gram ɗari uku, ba a kwantar da ita ba. Ni na yi ta juya katin awon ina murna. Ummakulsum ta karɓa ta saka a jaka, ta ce, "To, alhamdulillahi." Aka kaɗa ƙararrawar tara, ta ɗauki kularta ta nufi sito.