Mahaucin da Na Ƙi Kamawa

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Tsorona kada in ƙara abin da bai faru ba, alhali yawancin waɗanda za su gyara mini sun riga mu gidan gaskiya. Amma tsufa ba ya jira.

A shekarun da ƙasa ta samu 'yancin kai ina ajin ƙarshe a lakol, wato makarantar boko, ta Agiye. Malaminmu saurayi ne, muna ce masa Mushe. Yakan ce tunda ƙasa ta dawo hannunmu, cikinmu za a samu alƙalai da jandarma, gara mu koyi bincike tun yanzu. Sai ya ƙago labarin sata, yana ba mu kaɗan kaɗan kowace Asabar. An sace bijimin wani bafatake a kasuwar Cadawa, aka tsinci fatar a bayan rumfar mahauci. Akwai dillali a labarin, akwai mai masauki, amma ba wanda ya kula da su.

Ranar da ya ce a faɗi ɓarawon, aji ya ɗauka baki ɗaya: "Mahauci ne!"

Ni ban bi su ba. A makarantar allo an koya mini zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Mushe ya dube ni ya ce, "Kai fa, sarkin tsoro?"

"Mushe, ban gani da idona ba."

"Mutumin nan ba shi da uwa ba shi da uba. Ni na ƙera shi ina cin tuwo."

"Duk da haka, Mushe. In ba shi ba ne, wa zai ɗauki alhakinsa?"

Aka fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "A kawo masa mahaucin ya rantse!"

Mushe ya jira dariyar ta lafa, ya ce, "To, me ke damunka?"

Na ce, "Wanda ya yanka bijimin sata, zai bar fatar a bayan rumfarsa?"

Ya rubuta tambayar a allo. Ya ce Asabar mai zuwa kowa ya zo da tambaya, kada ya zo da suna, sannan zai ba mu ƙarshen labarin.

Kafin Asabar ɗin baba ya kamu da ciwo, aka tura ni Sae Sabuwa cirar gyaɗa. Ban sake komawa lakol ba. Har yau mahaucin nan yana tsaye cikin kaina, ba a kama shi ba, ba a sake shi ba.

Jikata da ke kolej ta ce suna karanta irin waɗannan labarai a aji, malamarsu ba ta karɓar suna sai da hujja. Na ji daɗi ƙwarai.

In akwai wanda ya zauna ajin nan, ko ya ji daga iyayensa, don Allah ya sanar da ni yadda aka ƙare. In mahaucin ne, a faɗa mini, zan iya ɗauka. Amma zuciyata na ba ni an wanke shi.