Wuta Ma Numfashi Take Yi: Ta'aziyyar Ovila Daigle

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, Allah ya karɓi ran Ovila Daigle a nan Madawaska, yana da shekara saba'in da huɗu. Ina tsaka da suya ƙanwata ta kira ta faɗa mini, sai ƙauri ne ya tuna mini da kasko.

Ovila, shekara arba'in kana shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidajen garin nan, kana duba injinan ɗumama gida masu shan mai. In ƙanƙara ta zuba, kai ne da shebur kana bin gidajen tsofaffi, kana tone bakin bututun hayaƙi, ba wanda ya aike ka.

Ni kuwa da nauyinka a wuyana. Shekarar da mijina Armand ya rasu, sanyi ya ishe ni, na bi duk wata kafa ta ɗakin ƙarƙashin ƙasa na cusa tsumma, har tagar da ke gefen injin. Saura kwana uku Kirsimeti ka zo dubawa. Ka ƙyasta ashana ka hure, ka kara ta a bakin bututu. Maimakon hayaƙin ya haye, sai ya dawo fuskarka. Ka tambaya ko ina ciwon kai, na ce ina ruwanka, alhali sati biyu ina fama. Nan take ka kashe injin.

Ga jikokina huɗu a hanya, ga gida zai zama firji. Na ce tsufa ya fara taɓa ka, na ce da Armand na raye ba ka isa ba.

"Faɗi son ranki, Jeannine," ka ce. "Wuta ma numfashi take yi, ke kuma kin toshe mata hanci. Gubar da injin nan ke fitarwa ba ta wari, ba ta sallama. Gara ki zage ni da ranki, da in ɗauki akwatin gawarki."

Ka zare tsummokaran, ka kwashe bokiti biyu na ɓaraguzan bulo daga bututun. Kafin yamma ka sake kunna injin, gida ya yi ɗumi, washegari ciwon kai ya tafi. A ɗakin da ke saman injin yaran suka yi hutunsu.

Girman kai kuwa ya hana ni ba ka haƙuri. Shekara shida muna gaisawa a ƙofar coci, kullum ina cewa sai Lahadi mai zuwa. Wallahi abin yana ci mini rai. Ka yafe mini, Ovila, kuma na gode. Babbar jikar tawa, Colette, ita ta tuƙo ni zuwa jana'izarka.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Matarsa Lorraine da 'ya'ya da jikoki, Ubangiji ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi.