Azumin Inna da Jirgin Landan

In dai ina da rai, ranar da na fara sauka a Landan ba za ta fita daga raina ba. Zamanin nan ne da arzikin mai ya buɗe, gwamnati na ta tura ma'aikata kwas Ingila, Allah Ya sa har da ni.

Inna, mahaifiyata, da jin cewa tafiyar ta kusa mil dubu uku sai ta auna ta da tafiyar mahaifinta zuwa Makka a ƙasa. Ta yi alwashin azumi kullum har sai ta ga rubutun hannuna cewa na sauka lafiya. Ga shi likita ya hana ta azumi saboda gyambon ciki. Na ce mata an ce awa shida ne kacal. Ta ce, "Wanda ya faɗa maka bai san girman duniya ba." Gaskiya ni ma a zuciyata ban yarda ba.

Muka tashi daga Kano da hantsi. Na ci abinci, na ja carbi, na ɗan yi gyangyaɗi, sai kawai na ji ana cewa a ɗaura bel. Na tambayi na kusa da ni ko zango za mu yi. Ya ce, "Malam, wane zango? Landan ce wannan!" Wallahi dariya ta kama ni kamar yaro, ina leƙen taga ina salati.

Yayana da ke karatu a unguwar Bloomsbury ta Landan ya tarye ni. Na rungume shi ina cewa, "Yaya, ko la'asar ba a yi ba! Inna ko ruwa ba ta sha ba!"

Da na ba shi labarin alwashin, sai fara'arsa ta ragu. Ya ce wasiƙa takan yi mako biyu a hanya. Na ce a buga telgiram. Ya ce, "Kai ma dai! Injin Bature ya iya Ajami ne? Ai ka san ba za ta yarda ba."

Sai ya tuna jirgin da ya kawo ni zai koma Kano. Muka ruga wajen masu tafiya, ni da babbar riga tana tashi sama, muna duban kawuna muna neman hular Bahaushe. Muka sami wani dattijo Bakano. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗora takarda a cinya na rubuta layi uku da Ajami. Ya karɓa yana dariya, ya ce, "Ɗana, da kaina zan kai."

Daga baya na ji yadda aka yi. Washegari dattijon ya isa gidanmu. Inna ta duba takardar sau uku, ta ce, "Rubutunsa ne. Alhaji, faɗa mini gaskiya, a wace unguwa ya ɓuya?" Sai da ya rantse a Landan ya bar ni. Sannan ta ce tunda ta riga ta ɗauki na yau, za ta kai shi, na godiya. A nan azumin ya tsaya, kwana biyu.

Tun ranar, duk inda na sauka, kafin in kwance kaya sai na aika gida. Jirgi yakan kai mutum cikin awa shida, amma wanda aka bari a baya yana kan hanya har sai ya ji an sauka.